Ni da Malam a Tudun Asibiti

Litinin, 5 ga Mayu
Keken ya iso. Auta ce ta aiko shi, wai tunda gwiwoyina sun fara ƙara in na hau matakala, ba ta yarda in ci gaba da tsayuwar jiran bas ba. Kore ne, da batir a jikinsa, ga wani ɗan allo a hannun hagu mai lamba ɗaya, biyu, uku. In ka taka feda injin ya taya ka, in ka daina shi ma ya daina. Malam, maigidana, ya zagaya shi, hannu a baya, ya ce, "Wannan ai keken malalata ne." Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu a kan keke, dole ya faɗi wani abu. Nasa yana nan jingine a ƙarƙashin matakala. Baƙi yake kiransa. Yana goge shi kullum, amma tun da ya yi ritaya hawansa sai jefi-jefi.

Talata, 6 ga Mayu
Na je aiki a kansa. Uku na sa tun daga ƙofar gida. Tudun nan na gaban asibiti, wanda bas ma sai ta yi nishi, na haye shi kamar wani ke tura ni ta baya. Na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai a titi. Mace da jikoki!

Juma'a, 9 ga Mayu
Sarauniyar Guga, wadda muke aiki tare a ɗakin wankin asibiti, ta leƙo ta taga ta ce, "Ke kike tuƙa shi ko shi ke tuƙa ki?" Na ce taimakon juna muke yi, rabi da rabi. Ta ce, "Rabi? Ko gumi babu a goshinki." Gaskiyarta. Nawa bai wuce juya ƙafa ba. Amma na iso da ƙarfina, na kwashe zannuwan gado daga inji, na ninke, ban nemi kujera ba sai da rana ta yi. Da a bas na zo, da tuni ina matsa gwiwa.

Laraba, 14 ga Mayu
Likita ya daɗe yana ce wa Malam ya riƙa motsa jiki a hankali saboda zuciyarsa, shi kuwa daga kujera sai rediyo. Yau ina ɗaura jaka sai ga shi ya fito da Baƙi. Wai zai raka ni, titi ya yi yawan motoci. A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau, bayansa a miƙe kamar dā. Da muka zo tudu, ban ma ankara ba na wuce shi. Na tsaya a sama ina jira. Ya iso a makare, ya sauka yana latsa tayar baya, wai iska ce ta yi ƙasa.
Tayar lafiyarta ƙalau.

Asabar, 17 ga Mayu
Wanki, shara, barci. Na sa batir a caji. Malam ya ce har keke sai an ba shi abinci yanzu.

Alhamis, 22 ga Mayu
Kwanakin nan kullum yana raka ni. Na fara sauke lamba don kada in bar shi a baya, daga uku zuwa biyu, jiya ɗaya. Yau a gindin tudu na kashe injin gaba ɗaya, ban faɗa masa ba. Wayyo, ashe nauyi gare shi kamar ana jan kurar ruwa! A tsakiyar hawa muka sauka tare muna turawa. Ya dube ni ya ce, "Ashe ke ma kina haki." Fuskarsa har ta washe. Muna tafe yana nuna mini gidaje: nan akwai karen da ya taɓa yaga masa wando, can wata tsohuwa ce da ba ta karɓar wasiƙa sai ya karanta mata a tsaye. Duk zamanmu ban taɓa jin waɗannan ba. Na makara kaɗan. Ban damu ba.

Litinin, 26 ga Mayu
Cinyoyina na ciwo, amma irin ciwon nan mai daɗi. Na hau matakalar gida ban riƙe ƙarfe ba. Da yamma in zan dawo ni kaɗai dai uku nake sawa, kada in yi wa kaina ƙarya.

Talata, 27 ga Mayu
Yau Malam ya ce ba zai sauka ba, sai ya haye tudun a kan sirdi. Na ce Malam mu tura mana, ya yi kamar bai ji ba. Ya miƙe a kan feda. Can sai na ga keken na karkata, ya dire ƙafa, ya zauna a bakin titi dafe da ƙirji. Leɓunansa sun yi fari fat. Ban san lokacin da na jefar da nawa ba. Wani direban motar asibiti da ya san ni ya tsaya, muka ɗauke shi. Allah Ya so a ƙofar asibitin muke.
Sun riƙe shi zuwa la'asar suka sallame mu. Likita ya ce ba abin da muke tsoro ba ne, amma gargaɗi ne. Ya hau keke, eh. Tudu da ƙarfin tsiya, a'a.

Asabar, 31 ga Mayu
Bai goge Baƙi ba. Ya koma kujera. Rediyon ma a kashe.

Laraba, 4 ga Yuni
Ina tafiya ni kaɗai. Ina isa da wuri, hanyar kuma ba daɗi. Auta ta kira, ta ce za ta nemo wa Baba irin nawa. Na ce kul, kada ki soma, in ya ji daga bakinki ya riga ya ƙi ke nan. Ta ce to ya za a yi, Umma? Na ce ki bar ni da shi, na fi ki sanin halinsa.

Lahadi, 8 ga Yuni
Na ce wa Malam kekena yana wata ƙara a baya, ina tsoron kada ya yar da ni, ya ɗan duba mini tunda shi ne masani. Ya yi tsaki, amma ya tashi. Ya juya taya, ya saurara, ya ce ba ya jin komai, sai dai in an hau. Na nuna masa maɓallin. Ya ce ba ya bukata, zagaye ɗaya zai yi ya dawo.
Na ɗora girki, na sauke. Shiru. Na fita bakin ƙofa ina zagin kaina da dabarata. Sai ga shi daga ƙarshen layi, riga na kaɗawa. Ya tsaya, ya gyara fuska, ya ce, "Babu wata ƙara." Na ce ina ka je? Ya ce nan kusa. Daga baya muna cin abinci ya ce an yi wa ƙofar asibiti sabon fenti. Wato har saman tudu ya kai. Na duba ƙirjinsa, numfashi lafiya.
Ya ce ɗaya ya sa, shi ma don ya gwada injin ne. Da na je sa caji, batirin saura ƙiris.

Talata, 10 ga Yuni
Na biya wurin mai gyaran keke a ɗaure mini birki, na ba shi labari. Ya yi dariya har ya ajiye sufana. Ya ce, "Hajiya, duk wanda ya shigo nan ɗaya yake sawa. Ban taɓa ganin mai uku ba. Ni dai na rasa wa ke shanye batiran." Na ce ni mai uku ce. Ya ce to yau ya ga ta farko.

Alhamis, 12 ga Yuni
Malam ya ce wai ƙarar da na faɗa ta dame shi, gara ya hau kekena zuwa asibiti ya tabbatar. Ni fa? Ya turo mini Baƙi. Tun da muka yi aure bai taɓa barin kowa ya hau shi ba, ko ƙaninsa. Bai da nauyi, ashe. Na kai rabin tudu, na sauka na tura. Malam na sama yana jira, yana ta kallon sararin sama kamar mai lissafin hadari, don kada in ga yana murmushi. Da yamma ya zo mu dawo tare. Sarauniyar Guga ta ga musanyar, ta ce, "An yi miki wayo." Na ce wa ya sani.

Laraba, 18 ga Yuni
Likita ya ji daɗin awon Malam. Yana cin abinci, yana surutu, jiya har kasuwa ya je mini ya dawo da abin da ban aike shi ba.

Asabar, 21 ga Yuni
Jiya na haye tudun a kan Baƙi ban sauka ba. Na iso ina haki kamar zan shiɗe, gumi har cikin ido. Malam ya miƙo mini ruwa, ya ce, "Sannu, 'yar wasiƙa." Na harare shi.
Na gaya masa aro ne fa, ranar Litinin kowa ya koma kan nasa. Ya ce to. Auta ta kira tana tambayar kekena, na ce yana nan lafiya, ana hawansa kullum.
Ɗazu da ya fita, na tura Baƙi wurin mai gyara, na sa ya sauke mini sirdin daidai tsayina. Saboda gwiwa ne kawai.