Baba Ya Hana Ladi Zuwa Gona

Yaya Markus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya aiki, ya Maman Dauda da yara? Ƙafarka ta yi sauƙi? Mu a Madakiya muna lafiya.

Jarrabawar shiga jami'a da autarmu Ladi za ta rubuta ta faɗo daidai lokacin shukar citta. Malaminsu ya zo gida ya ce tana gyangyaɗi a aji saboda gajiyar gona. Washegari ta ɗauki fartanya, sai Baba ya karɓe, ya ce, "Tafi lesin, ni zan ji da gona." Rabi kawai ya iya shukawa, sauran ya bar wa ciyawa.

Ku sa Ladi a addu'a, har da Baba, bayansa na ciwo. Ka gaida Kawu Bitrus.

Ƙanwarka,
Rifkatu