Ƙumbar da Ka Tafi da Ita

Daga ƙaninka Habu a Haɗeja, zuwa ga yayana Garba wanzami, a Kukawa ko duk inda takardar nan ta riske ka. Gaisuwa da girmamawa da fatan alheri. Bayan haka, ka gafarce ni da wahalar neman mai karanta maka. Shi ma mai karatun ina ba shi haƙuri, ya bi a hankali, kada ya tsallake kalma.

Baba ba shi da lafiya. Haƙorinsa na can ciki, na ƙasa ta hagu, ya ruɓe tun farkon damina. Kuncin ya kumbura har idon ya soma shigewa. Tuwo ya gagare shi, sai kunu, shi ma ta gefen baki. Na gwada duk abin da ke cikin 'yan takardun ɗibbun da na karanta: kanumfari, kanwa da ruwan ɗumi, rubutun sha. Ciwon yakan lafa zuwa la'asar, sannan ya dawo. Ba abin da ya rage sai cirewa, ga shi ya rantse ba mai sa masa awartaki a baki sai jininsa. Kai ba ka nan. Saura ni, da ban taɓa cire ko haƙorin akuya ba.

Ka tuna yadda yake aiki a zaure. Ya kwantar da mutum, ya danne masa ƙirji da gwiwa, mu biyu mu riƙe ƙafafu. Ƙartin masunta suna ta kururuwa, shi yana cewa, "Buɗe baki, ƙato, ba yanka ka zan yi ba."

Ka tuna kuma ran da ka dawo daga Barno da jiƙon zaƙami da wani Babarbare ya koya maka, wanda ke sa mai tsoro ya yi laushi har a gama. Baba ya tuntsurar da ƙoƙon da ƙafa, ya ce wanzami mai gwiwa ba ruwansa da ciyawa. Kai dai ka ci gaba da ba mutanenka a bayan idonsa.

To, Yaya, shekaranjiya na ɗauko zabirarsa, na fito da awartakin don in goge tsatsa kawai. Ya hango shi daga kan tabarma. Ya juya fuska bango, ya ce, "Habu, abin nan na ɗan'uwanka, da saura?" Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Da saura. Ƙwayar zaƙamin tana nan cikin ɗan tandun da ka rataya a ɗakin Inna. Ma'aunin ne babu. Da ƙumba kake awo, ɓawon nan na bakin kogi, kuma ka tafi da taka. Na gangara fadama cikin ruwa har cinya, na tsinto cike da hula, na jera su a kan allo. Ba biyu da suka zo daidai. Takarduna sun ce a ba da kaɗan. Kaɗan ɗin wa? Ban manta masuncin nan na ƙetare ba, da wani ya cika masa hannu wajen awon zaƙami, ya yi kwanaki yana hira da mutanen da ba a gani, bai gane 'ya'yansa ba. Shi fa ƙato ne. Baba yanzu ina ɗaga shi da hannu ɗaya.

Ruwa ya shafe hanyar gabas, sai ta kwalekwale, don haka na ba fataken bandar kifi wannan takarda. Kullum da safe nakan taɓa wuyansa in ji ko kumburin ya gangaro, shi kuma yana yi kamar bai lura ba.

Allah ya kai ta hannunka da sauri, ya tsare ka a baƙunta, ya sa ka dawo ka tarar da shi yana yi maka faɗa. Ni ne ƙaninka Habu. Ga abin da nake jiran amsarsa a rubuce.

Na ɗaya: ka kife ƙumbarka a kan takarda, a zagaye ta da tawada, ka faɗi ko a shafe kake cika ta ko da tozo.

Na biyu: ƙwayar da ta shekara a tandu, ƙarfinta raguwa yake ko ƙaruwa?

Na uku: in ka ga bai dace a ba tsoho ba sam, to ka gaya mini inda ake ɗora gwiwa a ƙirjinsa ba a karya shi ba. Ni ƙafafu kawai na taɓa riƙewa.