Ruwan Da Bai Sauka Ba

Daren Lahadi, Lafiya

Yau a wurin addu'ar Inna, Yaya Sabo ya sake ba da labarinsa: wai shi ya ɗauko ta a mashin daga Assakio zuwa asibiti ranar da ta rasu. Ƙarya! Yana Makurdi wurin cinikin doya. Ni na tari keke napep, a cinyata ta cika.

Malamarmu a jami'a ta ce duk sanda mutum ya tuna abu, sake gina shi yake yi, kuma kowa na iya miƙo masa bulo. Sai na gwada.

Na ce, "Yaya, ka tuna ruwan da ya doke ku a hanya?"

Ya ce, "Kai, Ladidi, bari! Har rigata na cire na lulluɓa mata." Sai ga hawaye.

Na bari sai da matarsa ta fara sharɓe hanci, sannan na ce, "Tsakiyar rani ne fa, Yaya. Ko ɗigo bai sauka ba. Tambayi Kawu."

Kawu ya sunkuyar da kai.

Na zaci Yaya zai yi faɗa. Sai kawai ya tsaya yana kallon hannayensa, ya ce a hankali, "Amma ina jin nauyinta a bayana."

Ashe ba ƙarya yake ba, da gaske ya yarda. Da wannan yake samun barci tun rasuwarta.

To, yau sai ya kwana ido biyu. Ni da na ɗauki nauyin, wa ya taɓa tambayata?