Aron Kayan Ɗakin Gwaji

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti da yara. Yaya ƙafar Umma? Don Allah ka hana ta hawa benen nan, in tana son wani abu a sama ta aika.

Yaya, wata takwas ke nan da ba ni shugabancin sashen injiniyan lantarki da kwamfuta. Kuna ta yi mini barka, ni kuwa akwai abin da ban faɗa muku ba. Ɗalibai arba'in da biyu gare mu a ajin ƙarshe, amma na'urar auna sigina biyu ce kacal a ɗakin gwajinmu, ɗayar ma sai an bubbuga gefenta take kamawa. Sauran aikin a allo muke zana musu. Nan da wata biyar masu tantancewa daga hukumar jami'o'i za su zo, in ba su gamsu ba, za a hana mu ɗaukar sababbin ɗalibai.

Jiya wani abokin karatuna da muke kira Dogo ya kira ni. Shi ke riƙe da irin sashenmu a wata babbar jami'a. Ya ce in kwantar da hankalina, ana gobe masu tantancewa za su zo zai aiko mota shaƙe da kaya, mu jera, mu goge, in sun tafi mu mayar masa. Wai kowa haka yake yi. Ba zan ɓoye maka ba, har godiya na yi masa. Tun daga lokacin kuwa ban iya haɗa ido da ɗalibaina a aji ba.

Mako mai zuwa ne taron shekara na ƙungiyarmu ta shugabannin sassan. An ba ni minti goma in yi magana a kan manhaja. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Na ji daɗi da ka ce ƙafar Umma da sauƙi.

To, na yi abin. Mu sittin da ɗaya ne a zauren, mata huɗu. Da aka kira ni na hau da takardata ta manhaja, na karanta layi biyu, sai na kife ta. Na faɗa musu yawan ɗalibaina da yawan na'urorina. Na ce an yi mini tayin aron kwana ɗaya, na karɓa, yanzu kuma na fasa. Ban ambaci sunan kowa ba. Na ce in har muna da kayan da za mu ara wa juna don rufe idon baƙi, to mu ara wa juna na shekara guda don yara su taɓa da hannunsu.

Shugaban taro ya dubi agogo ya ce wannan ba ya cikin jadawali. Wani daga baya ya ce ina tona mana asiri. Sai wani tsohon farfesa, wanda da shi aka kafa ƙungiyar, ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya ce, "Duk wanda bai taɓa ara ko bayar da aron kwana ɗaya ba, ya ɗaga hannu." Yaya, hannu bakwai na ƙirga. Shi kansa bai ɗaga ba. Mutane suka fara dariyar kunya, daga nan kuma baki ya buɗe.

An kaɗa ƙuri'a, arba'in da huɗu suka yarda kowane sashe ya rubuto abin da ke kwance a sitonsa. Aka ɗora mini kwamitin, tunda ni na jawo. Dogo bai yi mini magana ba har muka watse. Wannan ya tsaya mini a rai.

Ka gaida Anti. Ka karanta wa Umma.

Taka,
Auta

*

Yayana,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun wata biyar. Ina fatan duk kuna lafiya.

Sassa talatin suka aiko jerin kayansu, muka raba wa sassa goma sha ɗaya. Namu rabon Dogo ne ya kawo da kansa, yana zaune gaban motar. Na'urori goma sha biyu, wasu shekara huɗu suna cikin kwali ba a buɗe ba. Da yana sa hannu a takardar aron sai ya ce, "Ke dai tun muna aji ɗaya ba kya barin mutum ya huta." Muka yi dariya, maganar ta wuce.

Masu tantancewa sun zo. Kafin su tambaya na miƙa musu takardun aron, na nuna musu namu da na aro. Ba su ba mu cikakken izini ba, na shekara biyu suka ba mu, da sharaɗin jami'a ta sayi nata kayan. Na so fiye da haka, amma abin da muka samu namu ne na halak, kuma za mu ɗauki ɗalibai bana.

Shekaranjiya ina ofis aka ce wata ɗaliba ta ƙone a ɗakin gwaji. Na fita a guje. Ashe ƙarfen narka dalma ne ya lashe ta a yatsa tana haɗa ƙaramin allon lantarkin da ta zana da kanta. Na same ta da yatsan a kofin ruwan sanyi, ɗaya hannun tana murɗa na'ura, ta ƙi tashi sai ta ga siginar ta fito. Mai kula da ɗakin ya ce shekararsa tara a nan, yau ne aka fara buɗe akwatin magani. Na yi mata faɗan rashin kula yadda ya kamata, na koma ofis na rufe ƙofa, na zauna ina ta murmushi ni kaɗai.

Ina nan tafe ƙarshen wata in Allah ya yarda. Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta