Gilashin Baba Ya Hau Sabuwar Kyamara

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya sanyin Turai, ya maigida da yara? Mu nan Ayigya, a Kumasi, lafiya lau.

Albishirinki! Gilashin tsohuwar kyamarar marigayi Baba ya hau sabuwar kyamarata, bayan wani mai gyara a unguwar Bantama ya sa masa zoben da zai haɗa su. Amma ya hana ni ɗora tsohon filashin, wai ƙarfin wutarsa zai ƙona kyamarar. Hankalina ya tashi, don ranar Asabar ɗalibaina ke saukar Alƙur'ani, zauren makarantarmu kuwa duhu gare shi. Sai muka fito da su tsakar gida da hantsi. Yaya, har rubutun allunansu ya fito tsaf! Gilashin da ya ɗauki hoton saukarki, shi ya ɗauki nasu.

Ki gaishe da kowa, ki sa yaran nan a addu'a.

Ƙaninki,
Mustafa