Ƙarfen da Ka Liƙa a Tagar Inna

Masoyina, abban yarana, inuwar da na zaɓa tun da sauran ƙuruciyata, sanyin ruwan randa a maƙogwaron matafiyi, iskar nan da ke riga ruwan sama isowa!

"Kafin zafi ya shigo zan cire shi, in sa sanduna da raga, ki kwantar da hankalinki." Haka ka ce da ni, hannunka a kafaɗata, ranar da ka liƙe fallen ƙarfe a tagar ɗakin Inna, mahaifiyarka, bayan ɓarawo ya biyo ta nan ya ɗauke mata rediyo. Na yarda da kai, don ban taɓa koyon ƙin yarda da kai ba. To, zafi ya shigo. Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya zama ɗan gida. Ƙarfenka yana nan daram, waldar ta yi kyau ƙwarai, ko numfashin sauro ba ya ratsa ta. Sannu da aiki, gwanina.

Rubuto maka na yi domin in na buɗe baki sai ka yi min murmushin nan da ke kwance min fushi, ka ce gobe. Takarda ba ta ganin murmushi.

Ya hasken idona, wane ne ya fi ka sanin zafi a duk layin nan? Ka tuna lokacin da kake nemana, na biyo ta shagonka da littattafaina a ƙirji, ka miƙo min baƙin tabaranka ka ce in leƙa? Ka nuna min yadda ƙarfe ke sauya launi, daga baƙi ya koma ja, daga ja ya yi fari, ka ce ƙarfe yana faɗin zafinsa ga wanda ya iya kallo. Tartsatsi na zuba a ƙafarka kamar taurari sun ɓare, ni kuma zuciyata ta narke tun kafin ƙarfen ya narke. A ranar na ce wannan mutumin ba abin da zai ƙone a hannunsa bai sani ba. Ashe ƙarfe kaɗai ka iya karantawa!

Na san inda matsalar take, kuma ba mugunta ba ce. Kana fita kafin rana ta yi ƙarfi, ka wuni da fuskarka a bakin wuta, ka dawo bayan ta faɗi. Duk inda ka shiga bayan wannan shagon, aljanna ne a wurinka. Fatarka ta daina faɗa maka gaskiya, masoyina. Kana tsayawa a ƙofar Inna ka ce ai ɗakin da dama-dama. Da dama-dama ga wa? Ga wanda ya fito daga tanderu?

Ni ce nake dawowa daga makaranta da tsakar rana, ni nake hawa bene zuwa ɗakin Inna, don haka bari in karanta maka ɗakin kamar yadda ka karanta min ƙarfe. Rufin kwano ne, ba silin, kuma bangonsa ne ke shan ranar yamma. Kyandir ɗin da ke kan teburinta ya sunkuya kamar mai neman gafara. Man shafawarta ya zama ruwa. Ƙwayoyin maganin hawan jininta sun manne da juna, sai da cokali nake raba su. Fankar da ka saya mata ba ta yin komai sai juya zafin daga kusurwa zuwa kusurwa, in an ɗauke wuta ma ta huta. Kyanwar da ta shekara tana kwana a ƙafarta ta ƙaura ƙarƙashin bene. Kyanwa ta gane, abban yarana. Kyanwa!

Za ka ce ai ka tambaye ta, ta ce lafiya lau. Yaushe Inna ta taɓa cewa wani abu da ka yi bai yi ba? Ko a tukunya ka ajiye ta, cewa za ta yi ɗana ya iya zaɓen wuri. Kuma jikin tsoho ba ya kai ƙara da wuri. Ba ta jin ƙishi, ga mayafi ta lulluɓa. Ruwan da nake kai mata ma, na gano a tukunyar shuka take juye shi, don kada fitsari ya matsa mata ta sauko bene da gwiwoyin nan, ko ta kira ni in kama ta. Kunyata take ji. Na roƙe ta ta dawo falo, na yi dabara, na yi fushi, ta ce nan ɗanta ya ce ɓarawo ba zai same ta ba. Maganarka ce ta kulle ta, ba ƙarfen kaɗai ba.

Jiya na same ta a ƙasa, tsakanin gado da ƙofa. Ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ka. Leɓenta ya tsage, harshenta ya yi nauyi, jikinta zafi kamar murfin tukunya, kuma a bushe ƙayau. Ni da nas ɗin da ke maƙwabtaka da mu muka ja ta zuwa baranda, muka yi ta jiƙa zane muna shimfiɗa mata, muna fifita, muna ɗiga mata ruwa a baki, har ta gane ni. Tana gane ni ta ce in rufa mata asiri kada ka ji, sannan ta lallaba ta koma ɗakin.

Na faɗa maka da ka dawo. Ka hau, ka dafa goshinta, ka juyo kana dariya ka ce kin gani, ko gumi ba ta yi. Wayyo, masoyina! Gumi shi ne jiki yana kare kansa. Ranar da zafi ya kai haka kuma gumi ya ɗauke, ruwan jikin ne ya ƙare. Ka ga alamar mutuwa da idonka, ka ɗauke ta albishir.

Ina son ka, kuma shi ne abin haushin. Ina son ƙaurin ƙarfen da ke rigarka, da tabon ƙuna da ke bayan hannunka, da yadda kake cire takalmi a hankali don kada ka tashe ni. Ina son ka kamar yadda busasshiyar ƙasa ke son hadari, ko da ya taru ya watse bai zubar ba. Amma wace irin soyayya ce za ta sa in zauna ina kallon ka kana gasa uwarka da hannun da ka so ka kare ta da shi? In ta tafi a ɗakin nan, wa zai iya zama da kai bayan haka? Kai da kanka ba za ka iya ba. Mutumin da nake so zai mutu tare da ita, a bar min gangar jiki mai zuwa shago.

Daga yau na kai tabarmata ɗakinta, ƙofa a buɗe, ko tana so ko ba ta so. In kana nemana, can nake.

Na ba ka zuwa Juma'a, kafin rana ta take tsaka. Ka zo da injin yankan ƙarfenka, ka cire shi, ka faɗa wa Inna da bakinka cewa ta sha ruwa, ta wuni a falo. In rana ta take ban ji kukan injinka ba, zan tsallaka titi in kira mai waldar nan da kake cewa ko ƙafar kujera bai iya haɗawa ba. Zai kafa tsaninsa a bangon gidanka, mutanen layi suna kallo, ya yanke aikinka yadda ya ga dama. Ni zan riƙe masa tsanin.

Taka ce ni, jiya da yau da ranar da za a kwantar da ɗayanmu. Ban taɓa duban wani ba, ba kuma zan duba ba, ko da ka daina yi min magana bayan Juma'a.

Matarka.