Murfin Rijiyar da Ƙanena Ya Zana

Zuwa ga mai wannan fili,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki yi sauri, likita ya ce kwanakin ƙanena ba su da yawa. Ni ban yi makaranta ba. Maƙwabcina ne ke rubuta mini, na kuma gargaɗe shi ya sa yadda na faɗa, kada ya yi mini kwaskwarima.

Kafinta ne ni, shekaruna saba'in da shida. A danginmu Kundi ake ce mini, domin babu haihuwa ko rasuwa da ba ta kaina. In gardama ta tashi a kan wa ya girmi wa, ni ake kira, in na faɗa an gama.

Ƙanena, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a tuƙin babbar mota, yana kwance a asibiti, a sashen da ake kai waɗanda magani ya gaza, sai dai a rage musu raɗaɗi. Ciwon daji ne a huhu. Akwai wata baiwar Allah da ke zuwa ɗakin Talata da Alhamis da jakar takardu da fensira masu launi, ana ce mata Mai Zane. Tun farko ban so abin ba. Mutum mai jikoki tara a ba shi fensir ja kamar ɗan aji ɗaya? Amma ba zan yi mata ƙarya ba: ranar da ya yi zane ba ya yawan danna ƙararrawar kiran ma'aikatan jinya, har abinci yake nema.

Gidan da muka tashi yake ta zanawa. Ya sa ƙofa a hagu, na ce a dama take, ni na riƙe wa Baba ƙusa ranar da aka kafa ta. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce Kundi ko a kabari sai ya gyara wa maƙwabcinsa kwanciya.

Alhamis da ta wuce sai ya zana rijiyar tsakar gida, baki a buɗe. A gefe ga yarinya ƙarama. Can ga yaro riƙe da faifan katako. Ya tura mini takardar, ya tambaye ni wa ya bar rijiyar a buɗe ranar da autarmu ta faɗa ciki ta rasu.

Shi ne. Yana da shekara biyar, ya ɗauke murfin yana gara shi a matsayin sitiyarin mota. Ni ina da goma sha ɗaya, ni Inna ta bar wa su, na tafi kallon masu gini. Da Baba ya tambaya na ce ni ne na ɗebi ruwa na manta. Na sha dukan, na sha kallon da Inna ta yi mini har ta koma ga Allah. Shekara sittin da biyar, ƙaryata ke nan guda ɗaya tak.

Ban amsa masa ba. Na juya kan Mai Zane, na ce ta kwashe tarkacenta, an kawo shi ya huta ne ba a tono masa kabari ba. Ta tattara ta fita. Tun ranar ya juya wa bango fuska. Ya daina ci, ƙararrawa kuwa ba ta hutawa. 'Yarsa ta daina gaishe ni.

In na faɗa masa, na ɗora wa mai mutuwa kisan kai. In na maimaita ƙaryar, da ita zan sallame shi. Kuma har yanzu ina nan a kan bakana: matar nan ce ta janyo. Ya zan yi?

Tsohon kafinta

AMSA

Baba, sannu da wannan kaya. Yaron da ya tare wa ƙaninsa duka yana ɗan shekara goma sha ɗaya ba mugu ba ne, kuma tsoron da kake ji yau daga wannan ƙaunar ya fito. Kana da gaskiya cewa ba kowace magana ake sauke wa mara lafiya ba.

Amma sake duba takardar. Kai da bakinka ka ce yaron da ke cikinta yana riƙe da faifan katako. Wa ya sa masa shi a hannu? Ba Mai Zane ba ce, ba ta san gidanku ba. Ina kyautata zaton ƙaninka ya sani, ko ya daɗe yana zargi. Kai kana ganin kai kaɗai ka ɗauki abin nan, alhali wataƙila ku biyu ne, kowa a ɓoye. Ba labari yake nema a wurinka ba. So yake ya ji ko ka riƙe shi a zuciya, kuma shirun da ka yi ya ba shi amsar da ba ita kake nufi ba.

Ka fara da ma'aikatan jinya. Gaya musu ya daina ci kuma raɗaɗin ya ƙaru, su duba maganinsa, domin zane ba ya maye gurbin magani. Ka tambaye su lokacin da ya fi samun sauƙi, yawanci bayan an ba shi na safe. Sannan ka nemi Mai Zane ka ba ta haƙuri. Na san zai yi maka nauyi, amma irin wannan zama aikinta ne, ta san lokacin da za a dakata in ya gaji. Ka roƙe ta ta dawo, kada a jira Talata.

In kun zauna, kada ka fara da gyara. Wannan karon Kundi zai saurara. Ajiye takardar a gabansa, ka tambaye shi abin da shi yake tunawa. In ya kauce, ka bar shi, ka riƙe hannunsa kawai. In ya ce shi ne, kada ka musa, kada kuma ka tsaya a nan. Ka ba shi gaskiyar duka, tunda kai ne mai ita: shekararsa biyar, wasan mota yake yi, kai ma yaro ne da ya tafi kallon gini, kuma ko sau ɗaya ba ka ga laifinsa ba. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce bai taɓa ji ba, kuma babu mai iya faɗa masa ita sai kai.

Ka tafi da fensirinka na aiki. In ya nuna yana so, ka aza wa rijiyar murfi, shi ya riƙe maka takardar.

Allah Ya sassauta masa, Ya jiƙan autarku, Ya ba ka ƙarfin zuciya. Ka je yau, Baba.